'Yar Mace Ba Ta Gadon Ruwa

Tsamiyar Fito, ta Katagum
Cikin bazara

Zuwa ga baiwata Dijatu, 'yar Gwaggo Jannatu, a Azare.

Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar ubangida ga baiwarsa, wato kaɗan. Yaya ƙafar taki? Ɗanboyi direba ya ce ya gan ki a bakin tasha kina ɗingishi kamar kazar da ta taka garwashi. Allah ya sawwaƙe, ki rage maiƙo. Yaya 'yarki Khaulat da yaranta a Misau? Ni lafiya lau, in ban da kunnen hagu da ya ƙarasa mutuwa, sai gwiwa idan hadari ya haɗo. Kada ki sake aiko mini da saƙon in karɓi waya a hannun wani. Ba na ji, kuma zagin da ba a iya sa shi a aljihu a sake fito da shi gobe ba zagi ba ne. Malam Zakariya na ɗakin shan magani ke rubuta mini, na ce masa kada ya wanke maganata da sabulu.

To, ga abin da ya sa na tashe ki daga barcin fansho. Wasu mutane sun zo da hulunan kwano da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Ko sallama ba su yi mini ba. Suka kafa turaku masu jan fenti tun daga gindin tsamiya har bakin ruwa, daidai inda nake ɗaure jirage. Na tambayi babbansu, ya ce su 'yan kamfanin da ke shimfiɗa layin dogo ne, suna son gina matsayar siminti a mashiginmu, don manyan jiragensu su riƙa hayewa da yashi da tsakuwa da ƙarfe idan ruwa ya kawo. Wai sun kai takardar neman izini ƙaramar hukuma. Na ce izinin wa? Ciyaman ne ya haƙa kogin? Da suka tafi na tuge turakun na ba matar maƙwabcina. Itacen kirki ne, ya ci wuta da kyau.

Tun ina saurayi ake zuwa ana auna gaɓar nan. Duk zaɓe sai an auna. Da awo yana zama gada, da yanzu a kan siminti muke tafiya har Makka.

Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar kansila. Ya ce hukuma ba za ta ba da izini ba sai magadan mashigi sun yarda, kuma magadan biyu ne, ni da ke, kuma wai ke kin riga kin ce to. Na ce masa ƙarya ne, ko da boko ya lalata Dijatu bai kai ta nan ba. Ki rubuto ki ce ƙarya ne.

Ubangidanki,
Jumare, Sarkin Fito


Azare

Zuwa ga tsohon kada, Jumare, sarkin jiragen da suka fi rariya yoyo.

Wa alaikumus salam. Na ji gaisuwar ubangidan da bai taɓa ciyar da baiwarsa ko ƙwayar gero ba. Ƙafata da sauƙi, kuma ko a haka ta fi kunnenka amfani. Su Khaulat suna lafiya. Malam Zakariya, ina gaishe ka da iyali, Allah ya ba ka ladan zama kusa da bakin nan.

Ba ƙarya ba ce. Na ce to.

Ka zauna, ka juyo kunnen da ya rage. Wata ma'aikaciyar sakatariya, Madam Gloria, ita ce mai rubuta wa kwamitin filaye bayani, ta zo har gida da zanen aikin. Ba matsaya kawai za su yi ba, sai sun ɗaure gaɓar da bango don kada ruwa ya kwashe musu aiki. Bangon zai taso daga tsamiya ya wuce bayan ɗakin Inna. Na sa tabarau na bi layin da yatsa har sau nawa.

Ka fi ni sanin abin da ruwa ya ci bara. Muna yara, tsakanin ɗakin Inna da gaɓa akwai gonar kuɓewa, akwai turken jaki, akwai filin da nake kayar da kai a tsere. Da na zo babbar salla na duba, tabarma ɗaya ce za ta shimfiɗu a wurin, ita ma a karkace.

Gidan da nake ciki a nan na dangin marigayi mijina ne, sun fara zancen rabo, suna yi suna kallon ƙasa. Ba na son in jira su ɗago kai. Ina son in dawo gida, Jumare. In yaɓe ɗakin Inna, in sa masa kwano, in kafa kujerata a ƙofa in riƙa zaginka da baki, biro ya huta. Idan ba a ɗaure gaɓar nan ba, babu ɗakin da zan dawo.

Kaka Jalo 'ya'ya biyu ya bari a kan mashigin nan, Baffa mahaifinka da Inna mahaifiyata. Kai da bakinka ka sha ba ni labarin yadda Inna take riƙe gorar tuƙi ta haye da jirgi cike da buhuna kafin a aurar da ita. Ban ce a raba ruwa ba, ban ce a taɓa rawaninka ba.

Kwamiti zai zauna a sakatariya kafin ruwa ya sauka, za a kira mu duka. Kada ka je da faɗa, ka je da sharaɗi. Ka ce a rubuta cewa jiragenka suna da gefensu. Yanzu da suke nema ne ake ɗaure su, ba bayan sun samu ba. Kuma don Allah ka ba da wanki, kada ka shiga ofishin mutane kana warin tarwaɗa.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi,
Dijatu


Tsamiyar Fito

Zuwa ga Dijatu, malamar da ta koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru ita ba ta koyi komai ba.

Ina gaisuwa. Lafiya lau, zafi ne kawai, ruwan kogi ya koma iya gwiwa, yara suna tsallakawa da ƙafa.

Na ji wasiƙarki. Duk zagaye-zagayen nan na gane inda aka nufa. Kina son ki dawo, ki kafa kujera a ƙofa, kamfani yana gaishe ki yana cewa ga wadda ta ba mu wuri. Ni kuma in koma tsohon da ake nuna wa gefe. Gefe, Dijatu. A mashigin ubana.

Sharaɗi a takarda ku 'yan boko yake tsorata. Bari in tambaye ki. Tun zamanin Kaka Jalo mutum uku ba sa jira a mashigin nan kuma ba a karɓar musu komai: gawa, amarya, da mai naƙuda. Ko tuwo nake ci na ji an ce ga mai naƙuda, hannuna ba ya komawa kwano. Idan aka sa ƙofar ƙarfe da mai gadi da kulki, wa zai gaya masa wannan? A wane layi na zanen aka sa shi? Na ga ramin da suka haƙa tsakuwa a hanyar Udubo. Sun kewaye shi da waya, makiyayin da kakansa ya yi kiwo a wurin yana leƙe daga waje.

Idan ɗaki kike so, ga ɗakin matata Halimatu nan a rufe tun da ta rasu. Ko da yake ban san ko za ki iya shigarsa ba, tun da ranar da aka kai ta ba ki zo ba, sai bayan sadakar uku kika sauko daga mota da jakarki, wai jarrabawar yara. Ban manta ba. Ban kuma manta ranar naɗina da kika aiko da turmin atamfa maimakon ƙafarki ba, kamar ni ce amaryar.

Ɗakin Gwaggo ya ga ruwan da ya fi na bara bai faɗi ba. Mu haɗu a sakatariya. Wankin ma ba zan ba da ba.

Jumare


Tsamiyar Fito
Washegarin zaman kwamiti

Zuwa ga baiwata da ta sha kaye.

Ina fata kin isa lafiya. Ni na kwana lafiya, har na yi minshari in ji maƙwabta.

Ina kika shiga jiya? Na fito daga sakatariya na sayi soyayyen kifi na naɗe miki, na bi tasha mota-mota, aka ce kin hau ta farko ko cika ba ta yi ba. Kunyar kaye ce? Ai ba yau na fara kayar da ke ba. Kifin na ba Malam Zakariya, kuma tun da bai je ba, bari in maimaita yadda aka yi ya ji, ke ma ki sake ji.

Shugaban kwamiti ya ce magada su gabatar da kansu. Na miƙe na ce ni ne Jumare ɗan Buba ɗan Jalo, waccan kuma baiwata ce, ta biyo ni riƙe mini takalmi. Ɗaki ya ɗauki dariya. Kika ce, "Ranka ya daɗe, ku yi masa uzuri, ruwan da ya shiga kunnen ne ya zarce ciki." Har injiniyan kamfani sai da ya riƙe ciki. Wannan na ba ki.

Aka karanta takardar neman izini, aka zo kan yardar magada. Kika ce kin yarda. Na ce ban yarda ba, kuma yardar baiwa ba yarda ba ce, ba ta da gado a ruwa. Aka sake dariya. Sai Madam Gloria ta ajiye biro ta ce, "Baba, mu ma a garinmu muna da irin wasan nan, ɗan mace da ɗan namiji. Amma nan rubutawa nake yi. Hajiya tana da gado a mashigin nan ko ba ta da shi? Wasa kake ko gaske?"

Na dubi injiniyan, yana murmushin wanda ya riga ya ci kasuwa. Kansila yana gyaɗa masa kai. Na ga idan na ce wasa, an gama, ɗaya da ɗaya ne, kuma sun san inda za su karkata. Na ce, "Gaske. 'Yar mace ba ta gadon ruwa. Ranar da aka aurar da Jannatu ta ajiye gora, ta bar mashigi."

Ba wanda ya yi dariya a nan, amma ai ba wurin dariya ba ne. Shugaba ya ce, "Hajiya, kina da ja?" Na gyara tsayuwa ina jiran ki zazzage mini kwandon. Kika daɗe kina gyara mayafi, sannan kika ce, "Ba ni da ja. Shi ne babba." Shi ke nan fa. Ke da bakin da ya fi reza. Aka ce tun da magajin bai yarda ba, ba za a ba da izini a Tsamiyar Fito ba.

Kin ga an yi ba tare da wanki ba. Ki huce, ki rubuto. Na san kina can kina wasa wuƙa.

Ubangidanki har a takardar hukuma,
Jumare


Azare

Zuwa ga Sarkin Fito, Malam Jumare Buba.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da jama'ar gari baki ɗaya. Na iso gida lafiya, na gode da tambaya. Na gode kuma da niyyar kifi, Allah ya saka da alheri.

Na ji hukuncin kwamiti, na kuma karɓa. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya ba da damina mai albarka.

A gaishe da Malam Zakariya.

Hajiya Khadijatu Usman


Tsamiyar Fito
Farkon damina

Zuwa ga Dijatu.

Gaisuwa. An yi ruwan shuka, gwiwa ta fara ba da labari.

Wasiƙarki ta iso. Na sa an karanta mini, na kuma sa an sake karantawa a gindin tsamiya gaban jama'a, su ji yadda ake gaida Sarkin Fito. Ashe kin iya. Sai da haƙora suka zube kika koyi ladabi. Da na san sakatariya ce maganinki da tuni na kai ki. Malam Zakariya da ya gama ya naɗe takardar ya ce, "Sarki, ni wasiƙar nan ba ta yi mini daɗi ba." Na ce kai allura ka sani.

Wace ce kuma Hajiya Khadijatu Usman? Ban san ta ba. Ki ce mata ta ba Dijatu biron.

Labari: kamfani ya koma Marke, can sama da mu bayan lanƙwasar kogi. Mai garinsu ko tari bai yi ba ya dangwala hannu, hukuma ta ba da izini. Su je su gani. Mutanen Marke dama ko gora ba su iya riƙewa ba, kullum jirginsu a kaikaice yake isa.

Gaɓa ta ɗan zabga a bayan ɗakin Gwaggo da ruwan farko, ba wani abu ba ne. Na zuba ƙaya.

To, ya isa haka. An ji ladabin, an gode. Ki dawo da bakinki.

Jumare


Tsamiyar Fito
Damina ta sake zagayowa

Dijatu,

Ina gaisuwa. Ina fata ƙafa ce ta hana, ko da yake ba da ƙafa ake rubutu ba. Ɗanboyi ya rantse mini duk wasiƙun da na ba shi tun bara hannu da hannu yake ba ki, kina karɓa kina cewa an gode. Azumi ya wuce, salla biyu sun wuce. A babbar salla na ajiye miki kan rago don ki ce ya yi kama da ni. Sai da ya fara wari na bayar.

Ni ba lafiya sosai ba. Ba ciwo ba ne, zama ne. An gama matsayar Marke da rani. Jirginsu mai inji idan ya sauke tsakuwa yana kwasar mutane, kafin in kai tsakiyar ruwa ya je ya dawo. Masu acaɓa sun koma can, masu ƙosai sun bi su, matuƙana biyu su ma sun tafi ɗaukar kaya. Ranar kasuwar Katagum da ta wuce, tun safe har la'asar wanda na haye da shi wani Bafillace ne da tunkiya, shi ma don yana tsoron ƙarar inji.

Kwanan baya aka yi rasuwa a tsallake. Na kwance jirgi na shimfiɗa sabuwar tabarma ina jira. Ashe ta Marke suka bi. Na tambaya ko an tsayar da su, aka ce mai gadin ya cire hula ya buɗe musu ƙofa, bai karɓi komai ba. Ban ji daɗin jin haka ba, Allah ya yafe mini. Amma an hana masu jiragen Marke ɗaure jirgi a jikin simintin, suna can cikin laka. Kin ga ba duka na yi ƙarya ba.

Liman ya tare ni bayan sallar Juma'a, wai shekara guda yana juya maganar. Ya ce abin da na faɗa a sakatariya ba ya cikin littafi, Jannatu ta gaji ubanta, ke kin gaji Jannatu. Na ce ai Dijatu ta sani, malama ce, me ya hana ta ja? Ya ce, "Sarki, kai ma ka san abin da ya hana ta." Na saka takalmina na wuce. Mutum ya bari sai da aka yi shekara.

Ga ainihin maganar. Bangon baya na ɗakin Gwaggo ya tsage, hannu yana shiga. Na kafa ƙirare, na jera buhunan yashi, ni da Malam Zakariya da wasu bayin Allah. Ruwa yana zuwa ya lashe su kamar kare da kwanon miya. Akwai gadon ƙarfenta a ciki, da tukwane, da akwatin nan mai fure. Ban taɓa komai ba, ba nawa ba ne. Ki zo ki gani, ko ki aiko da abin da za a yi. Ko tsinuwa ce ki aiko.

Jumare


Azare

Zuwa ga Sarkin Fito.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata jiki da sauƙi. Ina neman afuwar jinkirin amsa.

Kafin in ɗauki biro Ɗanboyi ya kawo labarin ruwa ya tafi da ɗakin Inna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce ka shiga ruwa har wuya kana tsamo kaya. Don Allah Sarki ya riƙa kula da shekarunsa. Na gode da wahalar buhuna, a miƙa godiyata ga duk wanda ya sa hannu.

Ƙyaure da azara da gadon da aka tsamo a yi amfani da su yadda ya dace. A ruwanka aka same su.

An sa ranar rabon gidan nan bayan kaka. Khaulat da mijinta sun ware mini ɗaki a Misau, can zan koma in Allah ya kai mu.

Hajiya Khadijatu Usman


Tsamiyar Fito
Da kaka

Dijatu,

Gaisuwa. Tarin da na samu a ruwa ya yi sauƙi. Na iso gida lafiya daga wurinki, in ana kiran wannan lafiya.

Kin san abin da kika yi mini, amma sai na faɗa. Rabona da Azare tun rasuwar mijinki. Na ba da wanki. Na hau motar Ɗanboyi, tun daga Katagum nake tsara abin da zan faɗa miki, na tanadi guda uku masu zafi a kan ƙafarki da ɗaya a kan tabarau. Na yi sallama. Kika fito, kika durƙusa. Da wannan ƙafar kika durƙusa mini har ƙasa, Dijatu, na ji ƙarar gwiwar da mataccen kunnena. Kika shimfiɗa mini darduma a zaure kamar baƙon mijinki. Aka kawo tuwo a kwanon baƙi mai murfi. Na ci loma ɗaya na ce, "Wannan tuwon ko dutsen niƙa?" Na jira. Kika ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, bari a sake wani." Kuma aka sake. Na zauna ni kaɗai a zauren mutane na cinye tuwo biyu don kada a ce na raina.

Ko mari kika yi mini a tasha gaban jama'a da ya fi mini wannan.

Abin da ban samu bakin faɗa miki a can ba: kafin in zo sai da na biya sakatariya. Na samu Madam Gloria na ce ta buɗe littafinta ta gyara, Dijatu tana da gado a mashigi, uwarta ta riƙe gora kafin a haife ni. Ta ce, "Baba, zan rubuta. Amma izini ya riga ya tafi Marke, siminti kuma ba ya tashi ya dawo." Na ce rubuta dai. Ta rubuta, na dangwala. Yanzu kina da rabin mashigin da ba mai bi, da rabin ramin da ɗakin Gwaggo yake. Na san ba abin kai wa mutum ba ne.

Ranar nan injiniyan nake kallo, ba ke ba. Shi na so in kayar. Da ya tsaya a waje da ba a yi haka ba. Ita ma Gloria da ba ta ajiye biron nan ba. Ke ma da kin ja, kin san da kin ja da an yi ta dariya an tashi.

Malam Zakariya ya daina rubutu yana kallona. To. Ni na faɗa, da bakina, ba wanda ya sa ni. Ki yi haƙuri. Rubuta mana, Malam, me kake kallo.

Duk garin nan ba sauran wanda ya san ni ba rawani. Sarki, Baba, ranka ya daɗe, tun safe har dare kamar ana jifana da auduga. Waɗanda suka ga kin kayar da ni a tsere duk suna maƙabarta. Ban ce ki fasa Misau ba, ɗakin da zan ce ki fasa dominsa ruwa ya cinye shi. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki tafi ki zauna ki zage ni, ko layi ɗaya ne. Ɗanboyi zai jira.

Jumare


Azare
Ana ɗaure kaya

Ranka ya daɗe,

Na samu wasiƙarka, na karanta ta ni kaɗai. Na gode da zuwa sakatariya. Inna ta cancanci a rubuta sunanta.

Batun haƙuri, na yafe tun kafin motar ta bar Katagum ranar nan, Allah shi ne shaida. Ba fushi nake yi ba, kuma ba horo nake maka ba.

Ɗanboyi yana waje yana ta hon. Tun hantsi nake zaune da biro a kan abin da ka roƙa. Wallahi na gwada. Na rubuta na kunne na soke, na rubuta na jirage na soke. Tun muna yara kake ce mini baiwa, ban taɓa jin nauyinta ba, don na san babu komai a cikinta. Ranar nan aka tambaye ka, ka ce akwai. Yanzu duk wadda na ɗauko in jefe ka da ita sai in tsaya ina auna ta, ko ita ma akwai. Abin da ake aunawa kuwa ba wasa ba ne.

Ka riƙa shan maganin tarin har ya ƙare. Idan an zo Misau, gidan yana bayan makarantar firamare, kowa ya san mijin Khaulat. Za a karɓe ka da mutunci.

Hajiya Khadijatu Usman